Gem Mai Kyan Gani da Gem Mai Haɗiye Mutum: Morrowind, Oblivion da Skyrim

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta ba su damar sauraro ba, da waɗanda dama sun fi son karatu.

Yau za mu ɗan sauka daga manyan maganganu, mu shiga duniyar gem. Na san wasu za su ce, "Kai ma dai, da girmanka." To, ku yi haƙuri ku saurara. Matashin da zai zauna awa ɗari a kan abu ɗaya, da kuɗinsa da datarsa da barcinsa, ai ya kamata a tambaya me abin nan yake ba shi. Ni kaina ina cikin waɗanda suka yi irin wannan zaman, shi ya sa nake da bakin magana.

Abin da ya jawo batun shi ne wata gardama da muka yi da wani abokina. A watan Afrilu na 2025 aka sake fito da Oblivion a sabon zubi, hoto tas kamar fim. Ya ce min yanzu kam an gama magana, wannan ne gem ɗin da ya fi kowanne haɗiye mutum a jerin. Na ce masa ban yarda ba. Har aka tashi ba mu daidaita ba, sai daga baya na gane cewa abu biyu muke cakuɗawa, kowa yana magana a kan nasa.

Na farko shi ne yanayi. Wato abin da idonka da kunnenka suke ɗauka: hasken rana, hazo, kiɗa, kukan iska, launin gari. Na biyu shi ne nutsewa. Wato ka kai matsayin da ka manta kana riƙe da na'ura, ka fara tunani kamar mazaunin wurin, ka ji cewa idan ka yi ganganci za ka ɗanɗana kuɗarka. Gem yana iya samun na farko ya rasa na biyu. A kan wannan zan kwatanta gem uku na gida ɗaya.

Ga wanda bai san su ba

Jerin sunansa The Elder Scrolls, na kamfanin Bethesda da ke jihar Maryland a Amurka. Irin gem ɗin nan ne da ake kira RPG, inda za ka ƙirƙiri mutum, ka zaɓa masa ƙabila da sana'a, a sake ka cikin ƙagaggiyar duniya mai sarakuna da matsafa da dodanni, ka yi rayuwa yadda ka ga dama. Na farko, Arena, ya fito a 1994. Daggerfall ya biyo a 1996, sai Morrowind a 2002, Oblivion a 2006, Skyrim kuma ranar 11 ga Nuwamba 2011. Dukkansu a nahiya ɗaya suke mai suna Tamriel.

Daggerfall ba zan daɗe a kansa ba. Taswirarsa ana kwatanta faɗinta da na ƙasar Birtaniya, amma kwamfuta ce ta zuba yawancin garuruwan da dazuzzukan, shi ya sa za ka yi ta tafiya komai iri ɗaya. Fankan fankan ba shi ne kilishi ba. Kamfanin ya koyi darasi, a Morrowind sai ya rage faɗin ƙasar sosai, aka gina ta da hannu lungu-lungu.

Wani abu kuma da ya kamata in faɗa tun yanzu. Duk wanda ya yabi tsohon gem, sai a ce masa kewar yarinta ce ke damunsa. Ni ba a yarinta na buga su ba, kuma a juye na bi su. Skyrim na fara bugawa ina jami'a, a laftof ɗin wani ɗan ɗakinmu. Morrowind sai a zaman kullen korona na 2020, Oblivion kuma daga baya. Don haka tsohon cikinsu ni a wurina sabo ne.

Morrowind: ranar da na zama baƙo

Gem ɗin yana farawa kana fursuna cikin jirgin ruwa. A sauke ka a wani ƙauyen fadama mai suna Seyda Neen, a tsibirin Vvardenfell. A yi maka rajista, a miƙa maka wani ƙunshi a ce ka kai wa wani mutum Caius Cosades a garin Balmora, idan ka isa ka yi tambaya a wani gidan shaƙatawa, za a nuna maka gidansa. Shi ke nan fa. Babu kibiya a saman allo mai nuna maka inda za ka. Abin da aka faɗa maka yana cikin littafin da ɗan wasanka ke rubutawa, sai ka buɗe ka karanta.

Wallahi da farko haushi na ji. Na saba da Skyrim inda kibiya ke jan ka kamar akuya da igiya. Amma bayan kwana biyu sai na lura da wani abu: na fara kallon hanya. Ina karanta allunan da ke mararraba, ina riƙe cewa bayan sansanin sojoji akwai gada, bayan gadar akwai kangon da aka aike ni. Kun san irin kwatancen da ake yi mana a ƙauye, "ka wuce rijiya, in ka ga tsamiya ka karya dama"? Wanda ya isa gida da irin wannan kwatancen ba ya sake mantawa da hanyar. Wanda ya bi taswirar waya kuwa, gobe ma sai ya kunna ta. Shekara biyar ke nan, har yau zan iya zana muku Balmora a takarda, da kogin da ya ratsa tsakiyarta da inda kowace ƙungiya take.

Sai ƙasar ita kanta. Ban taɓa ganin irinta a wani gem ba. A tsakiyar tsibirin akwai dutse mai aman wuta, Red Mountain, yana turo guguwar toka. Idan ta taso sama ta rine, gaba ba ya ganuwa, mutanen gari suna ɗaga hannu suna kare fuska, kai ma in kana fuskantar iskar tafiyarka sai ta yi nauyi. Duk wanda ya taɓa fita da sassafe cikin ƙurar hunturu ya san wannan yanayin a jikinsa. Motar haya a can wani ƙaton ƙwaro ne mai dogayen ƙafafu, an rarake bayansa fasinja suna zama, yana wani irin kuka mai nisa da dare. Matsafan gidan Telvanni ba gini suke yi ba, shuka hasumiyoyinsu suke yi daga wani irin ƙaton naman kaza, wasu ko matakala babu, in ba ka iya tashi sama ba ba ka da abin faɗa wa maigidan. Manyan gidan Redoran kuma a garin Ald'ruhn suna zaune ne cikin ƙwaryar wata ƙatuwar ƙaguwa da ta mutu tun zamanin da.

Mutanen ƙasar, Dunmer, masu fata launin toka da jajayen idanu, ba sa murna da zuwanka. Bare suke kiran ka, har da wata kalmar raini a yarensu. Suna da manyan gidajen sarauta masu gaba da juna, kuma ɗaya kawai za ka iya shiga. Suna da makiyaya a jejin toka masu zama a tantuna, waɗanda ke ganin mutanen birni sun bar tafarkin kakanni. Suna riƙe da bayi, doka ta yarda, za ka gan su a gonaki da mundaye a hannu. Daular da ta mamaye su tana da sansanoninta da kamfanin haƙar ma'adinanta. Ko tarihin ƙasar ba a yarda da shi baki ɗaya ba: littattafan da za ka tsinta a cikin gem ɗin suna saɓa wa juna a kan yadda tsohon jagoransu Nerevar ya mutu, malaman haikali da tasu ruwayar, makiyaya da tasu. Kai za ka karanta ka yanke wa kanka hukunci.

Ga abin da ya fi burge ni. Da ka kai wa Caius saƙonsa, sai ka tarar da wani dattijo ba riga, a ɗan ƙaramin ɗaki, kamar ɗan ƙwaya, alhali shi ne shugaban 'yan leƙen asirin sarki a tsibirin. Zai dube ka ya ga ba ka isa komai ba, ya ba ka kuɗi 200 ya ce je ka nemi sana'a, ka shiga wata ƙungiya, ka goge tukuna. Kun ga hikimar? Gem ɗin ya san za ka so yawo, sai ya ba ka dalilin yawon daga cikin labarin. Kuma a ƙungiyoyin, ba a ƙara maka girma don kawai ka gama aike. Idan ƙwarewarka a tsafi ba ta kai ba, ƙungiyar matsafa za ta ce ka koma ka ƙaro ilimi. Har mutumin da labarin ya dogara a kansa kana iya kashewa. Gem ɗin ba zai hana ka ba, saƙo kawai zai fito cewa ka yanke zaren ƙaddarar, ko ka koma baya ko ka ci gaba da zama a duniyar da ka lalata.

Kada in yi muku ƙarya, yana da aibu, kuma ba kaɗan ba. A farko za ka kai wa ɓera sara da takobi sau biyar, kana gani takobin na ratsa shi, amma a ce ba ka same shi ba, saboda lissafi ake yi a ɓoye kamar jefa ƙuri'a. Tafiyarka kamar ta hawainiya. Akwai wasu tsuntsaye masu naci da za su bi ka har ka tsani ranka. Mutanen gari yawancinsu a tsaye suke wuri ɗaya dare da rana. Maganganun kuma kusan duk a rubuce suke da Turanci mai nauyi, wanda ba ƙaramin shinge ba ne ga da yawa daga cikinmu. Hazon da ke rufe nesa ma asalinsa dabara ce saboda na'urorin 2002 ba su da ƙarfi. Amma dubi ikon Allah, hazon nan shi ya sa tsibirin ya zama kamar ba shi da iyaka. Masu gyaran gem sun cire shi daga baya, sai ga garuruwan da ka ɗauka tafiyar yini ce tsakaninsu, ashe maƙwabta ne.

Oblivion: gari ya waye, tsoro ya tafi

Oblivion ya kai mu Cyrodiil, cibiyar daular. Ciyawa kore shar, dazuzzuka, koguna, ga babban birni a tsakiya da farar hasumiya da ake hangowa daga nesa. An ɗauko manyan 'yan fim, Patrick Stewart ya yi muryar sarki Uriel Septim, Sean Bean ya yi ta ɗansa Martin. Kowace magana yanzu da murya ake yin ta. Lokacin da ka fito daga magudanar ruwan kurkuku ka ga rana a kan tafki, kai, sai ka ja numfashi.

Babban abin da ya kawo shi ne rayuwar mutanen gari. An ba kowa jadawalinsa: ya tashi, ya je aiki, ya ci abinci, ya koma gida ya kulle ƙofa ya kwanta. Idan ɓarawo kake son zama, dole ka san lokacin da mai shago yake barci. A wannan fannin ya yi wa Morrowind nisa. Garuruwan ma kowanne da kamanninsa. Bruma tana cikin sanyi da gidajen katako, Anvil tana bakin teku, Skingrad ta masu kuɗi da gonakin inabi, Bravil kuwa talauci ya bayyana a jikin kowane gini. Kuma a ganina babu wanda ya kai shi iya tsara ƙananan labarai. Akwai inda za ka shiga cikin zanen wani mai zane da ya ɓace a garin Cheydinhal, komai ya koma kamar an shafa shi da burushi. Akwai inda za a kulle ka a gida ɗaya da baƙi biyar, kowa yana zargin kowa. Waɗannan ba a mantawa da su.

To ina matsalar? Na farko, ƙasar ta zama sananniya. Tsofaffin rubuce-rubucen jerin sun kwatanta Cyrodiil da kurmi, amma abin da aka ba mu shi ne Turai ta zamanin da, da mayaƙa masu sulke da ganuwa da dawakai, irin wadda muka riga muka gani a finafinan The Lord of the Rings da suka fito daga 2001 zuwa 2003. Kyakkyawa ce, amma ba ta sa ka tambayi kanka ina ne nan.

Na biyu, a nan kibiya ta shigo, tare da damar danna gari a taswira ka tsinci kanka a can. Tun daga fitowarka kurkuku kana iya dirar manyan garuruwa ba ka taka hanya ba. A Morrowind ma akwai hanyoyin gaggawa, amma na cikin duniyar ne: ka biya kuɗin ƙwaron haya, ko jirgin ruwa, ko matsafa su aika ka, kuma dole ka san wanne ke zuwa ina, kamar yadda ka san tashar da ake hawa motar garinku.

Na uku, kuma shi ya fi yi min ciwo, duniyar tana girma tare da kai. Idan kana mataki na ɗaya, duk abokan gabar ƙasar raunana ne. Idan ka kai mataki na ashirin da wani abu, sai ka ga ɗan fashin kan hanya sanye da sulken da kuɗinsa zai sayi gida, yana tare ka yana neman 'yan canji. Da ka lura da wannan, shi ke nan, asiri ya tonu. Ka gane cewa babu wani kogo da ya fi ƙarfinka, babu kuma wanda ka fi ƙarfinsa. Komai an auna shi da kai.

Haka ƙofofin Oblivion, waɗanda ke buɗewa zuwa duniyar wuta. Ta farko a garin Kvatch, sama ta yi ja, tsawa na tashi, gari ya ƙone, gabana sai da ya faɗi. Ta goma kuwa, na riga na haddace hasumiyar, gudu kawai nake in ɗauko dutsen in fito. Ga kuma ƙarancin masu murya: mutum biyu za su tsaya suna hira da murya ɗaya, almajirin titi ya fara maka magana da muryar tausayi, ka tambaye shi labarin gari ya koma ta wani attajiri. Abin dariya ne, mutane ma suna son gem ɗin saboda haka. Amma dariyar tana tuna maka cewa gem kake bugawa.

Skyrim: sarkin yanayi

A nan dole in cire hula. Skyrim yana faruwa shekara 200 bayan Oblivion, a lardin arewa mai duwatsu da ƙanƙara. Ana fara shi kana ɗaure a bayan amalanke za a kai ka a fille maka kai, sai ga diragon ya sauko a kan garin Helgen. Ka tsere, ka biyo gangaren kogi zuwa ƙauyen Riverwood, ruwa na gudu, kifi na tsalle, ga wani tsohon kango a saman dutse yana kallon ka. Ba a ce maka komai ba, amma ka san sai ka hau can.

Daren da na fara ganin hasken nan mai launi-launi da ke bayyana a samaniyar ƙasashen sanyi, ina tsaye a filin Whiterun, kiɗa na tashi a hankali, an ɗauke wuta a ɗakinmu, zafi kamar me, amma wallahi sai da na ji sanyi a jikina. Jeremy Soule ne ya yi kiɗan gem ukun duka. A waƙar buɗe Skyrim, mawaƙa 30 aka ɗauka sau uku aka haɗa, suka zama kamar 90, suna rerawa da yaren da aka ƙirƙira wa diragon. Sai hawan dutsen da ake kira matakala dubu bakwai, inda iska ke ƙaruwa kana hawa. Sai Blackreach, wani makeken kogo a ƙarƙashin ƙasa mai tsirrai masu haske, wanda za ka faɗa cikinsa ba ka taɓa zaton yana nan ba. Skyrim ya kuma iya ba da labari ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Akwai wata hasumiyar haska jiragen ruwa a gaɓar arewa, ka shiga ka tarar da gawa da jini da 'yan rubuce-rubucen iyalin gidan, suna ta ƙorafin wani ƙaraf-ƙaraf da suke ji daga ɗakin ƙasa. Sauran kai za ka haɗa. Ba mamaki a 2023 Todd Howard, jagoran aikin, ya ce an sayar da fiye da kwafi miliyan 60.

Amma ku lura da abin da ke faruwa idan ka bar kallon duwatsu ka fara hulɗa da mutane. Cikin 'yan awanni an sanar da kai cewa kai ne gwarzon da aka yi alkawari. Kwalejin matsafa ta Winterhold za ta karɓe ka da ka nuna tsafi ɗaya a ƙofa, kuma kana iya zama shugabanta ba ka iya wani abin kirki ba. Kai ne shugaban mayaƙa, kai ne na ɓarayi, kai ne na makasa, duk a lokaci ɗaya, ba mai cewa uffan. Bayan duk wannan, ka ceci duniya ka dawo, mai gadin ƙofa zai tsokane ka ko an sace maka alewa ne, wani mai gona Nazeem kuma ya ci gaba da yi maka kallon wanda bai taɓa taka unguwar manya ba, alhali daga fadar kake.

Wani zai ce, to ai a Morrowind ma raina ka ake yi, me ya sa can ka yaba nan ka kushe? Bambancin shi ne can rainin yana da dalili, kai bare ne da ba a sani ba, kuma yana raguwa yayin da sunanka ke fita. Nan kuwa an naɗa maka rawani ne sannan aka manta an naɗa. Manyan mutanen labarin ba sa mutuwa, in ka sare su durƙusawa suke yi su miƙe. Idan ka ce bari ka kashe kibiyar ka yi wasa irin na da, sai ka tarar ba a rubuta maka kwatance ba, domin an gina aiken ne da sanin cewa kibiya za ta kai ka.

Abin da na fahimta

Daga 2002 zuwa 2011, kowane sabon gem ya ƙara kyau, ya ƙara sauƙi, ya ƙara samun masu saye. Ba na zargin kamfanin, kasuwa suke nema, kuma sauƙin nan shi ya buɗe wa irinmu ƙofa. Da Morrowind aka fara miƙo min, da wataƙila na ajiye a ranar. Sai dai kowane sauƙi akwai abin da aka biya da shi. Da aka ba ka kibiya, an ɗauke maka buƙatar kallon hanya. Da aka auna abokan gaba da ƙarfinka, an ɗauke maka tsoro, kuma wanda bai ji tsoron kogo ba ba zai ji daɗin fitowa daga cikinsa ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Don haka amsata ga abokina ita ce: a yanayi, Skyrim ne gaba. A rayuwar gari da daɗin ƙananan labarai, Oblivion. A nutsewa, Morrowind, duk da munin hotonsa, saboda duniyarsa tana da dokokinta, tana riƙe da su, kuma ba ta ba ka komai sai ka ba ta hankalinka. Sabon zubin Oblivion ya gyara hoto da haske, an ƙara muryoyi, an taɓa tsarin hawa mataki, amma ƙashin bayan gem ɗin na 2006 ne.

Akwai kuma abin da sai jeri irin wannan yake iya yi. A tsakanin labarin Oblivion da na Skyrim, dutsen nan Red Mountain ya fashe, Vvardenfell ta halaka. Da na fara shiga birnin Windhelm a Skyrim, na ga wasu mutane biyu sun tare wata mata Dunmer a bakin ƙofa suna ci mata mutunci, na ga unguwar da aka cusa su a ciki, ban ji komai ba, na wuce. Bayan na buga Morrowind na dawo wurin, sai na tsaya. Mutanen da suka kira ni bare a ƙasarsu, masu hasumiyoyi da haikali da bayi, su ne yau 'yan gudun hijira a lungun garin wasu. A ƙarin da aka yi wa Skyrim a 2012 mai suna Dragonborn, za ka je tsibirin Solstheim, toka ta rufe kudancinsa, tsohon kiɗan Morrowind na tashi, ka tarar da ƙwaron hayan nan guda ɗaya, ya tsufa, ba ya iya ɗaukar kowa, mai shi yana zaune kusa da shi yana jiran ranarsa. Da na ji kukansa sai da na ajiye na'urar na ɗan yi shiru. Wanda bai yi wahalar hanyoyin Vvardenfell ba, ƙwaro kawai zai gani.

Shawara kafin mu rufe. In kwamfutarka ba ta da ƙarfi, Morrowind bai fi giga ɗaya da 'yan kai ba, kuma akwai wata manhaja ta kyauta mai suna OpenMW da ke sa shi tafiya lafiya a na'urorin yanzu, in kana da gem ɗin na asali. Sabon Oblivion kuwa yana neman wurin giga 125, sai ka yi lissafin datarka tukuna. In Skyrim kake bugawa, gwada mako ɗaya ba ka danna taswira ka yi tsalle ba, ka hau amalanken haya ko ka taka da ƙafa, ka zo ka ba ni labari. A kula da ƙanne kuma, Skyrim da Oblivion a Amurka an ware su ne ga 'yan shekara 17 zuwa sama. Sannan a sa wa abin lokaci, domin gem ɗin da ya iya haɗiye mutum ya iya haɗiye sallarsa da karatunsa.

Ga masu burin ƙirƙirar gem ko rubuta labari a cikinku, kuma na san kuna nan, ku riƙe wannan. Ba ku da kuɗin Bethesda, amma abin da ya sa ake maganar Morrowind bayan shekara ashirin da wani abu ba kuɗi ne ya saye shi ba. Mutane ne suka zauna suka yanke me ake ci a ƙasar, da me ake gini, wa ke gaba da wa, wace ƙarya ake koya wa yara a matsayin tarihi. Wannan aikin biro da takarda ne.

An sanar da The Elder Scrolls na shida tun 2018. Tambayata gare ku: in ya fito, kuna so a ba ku kibiya, ko a yi muku kwatance a sake ku? Kuma wane gem ne ya taɓa sa kuka manta inda kuke? Ku rubuto a ƙasa, zan karanta wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.